Ƙanena ya dawo da wani littafi, ya kuma daina shan shayi

Maman 'Yan Biyu: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Ƙanena da na sayar da awakina biyu na biya masa kuɗin makaranta, ya je bautar ƙasa Aba ya dawo mana da sabon salo. Da safe na haɗa masa shayi mai kauri da burodi, ya ture kofin, wai addininsa ya hana. Da dare muna addu'ar iyali, Baba ya buɗe Zabura, sai yaron nan ya zaro wani littafi mai shuɗin bango, wai Littafin Mormon, wai shi ma maganar Allah ne. A gaban Baba fa! Tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon bishara a kan keke. Na ce masa duk wanda ya yi ƙari a kan Littafi Mai Tsarki ba Kirista ba ne. Ya ce in je in yi karatu. Ni! Don Allah me zan yi da shi?

Mai Ganga: Yaya, ba abin dogon zance ba ne. Wahayin Yahaya 22:18. Wanda ya yi ƙari, Allah zai ƙara masa annoba. Magana ta ƙare.

Ɗan Katikis: Ba ta ƙare ba, ɗan'uwa. Ƙari a kan me? Naka littattafai 66 ne, nawa 73. Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk, Makabi na ɗaya da na biyu, ina kuka kai su? Ka sauka aya ta 19 ka ga abin da aka tanadar wa mai ragi.

Uwar Zumunta: To, an soma. Ana zancen Mormon, Katolika ya ji an taɓa shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗan Katikis: Mama, da girmanki. Ni tambaya na yi.

Mai Ganga: Ku kuka yi ƙari, ba mu muka yi ragi ba.

Ɗan Katikis: Wa ya riga wani zuwa? Shekara nawa ikilisiya ta yi tana karanta su kafin a haifi Martin Luther, jagoran 'yan Furotesta?

Malamin Tarihi: Ku saurara kaɗan. Ayar nan da kuke jifan juna da ita, annabcin da ke cikin littafin Wahayi kansa take nufi. Lokacin da aka rubuta ta ba a ɗinke littattafan cikin bango ɗaya ba tukuna. Irin wannan gargaɗi yana nan a Maimaitawar Shari'a 4:2, kada a ƙara, kada a rage. Da haka ake fassara shi, da tun daga Joshuwa ƙari ne. Yaran Mormon sun haddace wannan amsa, in ka je musu da Wahayi 22 za su mayar maka da ita kana tsaye.

Inda aka rabu da gaske shi ne wane ne Allah. Joseph Smith, wanda ya kafa cocin Mormon, ya ce a 1820, a wani kurmi kusa da Palmyra a jihar New York, ya ga Uba da Ɗa tsaye a gabansa, su biyu daban-daban. Littafinsu na Koyarwa da Alkawura, sashe na 130, ya ce Uba yana da jiki na nama da ƙashi kamar na mutum. A wurinsu Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ɗaya ne a nufi da aiki, amma su uku ne rarrabe. Katolika da Anglikan da ECWA da COCIN kuwa duk suna kan abin da taron Nisiya ya tsayar a shekara ta 325, cewa Ɗa da Uba ainihinsu ɗaya ne, kuma Allah Ruhu ne kamar yadda Yahaya 4:24 ta faɗa. Shi ya sa a 2001 fadar Fafaroma ta ce baftismar Mormon ba ta karɓu ba, alhali tana karɓar ta Anglikan da ta Lutheran.

Mai Ganga: Malam, duk wannan doguwar lacca, ƙari ne ko ba ƙari ba ne? E ko a'a.

Malamin Tarihi: Su da kansu ba su ɓoye ba. Littattafai huɗu suke riƙe da su: Littafi Mai Tsarki, Littafin Mormon da aka buga a 1830, Koyarwa da Alkawura, da wani mai suna Lu'ulu'u Mai Tamanin Gaske. A jerin abubuwan bangaskiyarsu, na takwas ya ce sun yarda Littafi Mai Tsarki maganar Allah ne matuƙar an fassara shi daidai. Wannan sharaɗi ba su sa wa Littafin Mormon shi ba.

Mai Ganga: Ka ga! Ƙari ke nan. Ai da ka ce e kawai.

Na Fatakwal: Su ba sa kiransa ƙari. A bangon an rubuta cewa wata shaida ce ta Yesu Almasihu. Maƙwabcina ɗan cocin ne, ya nuna mini Yahaya 10:16 inda Yesu ya ce yana da waɗansu tumaki da ba na wannan garke ba, ya ce mutanen nahiyar Amurka na dā ake nufi, Yesu ya ziyarce su bayan tashinsa. Ban ce na yarda ba. Amma mutumin nan ba ya shan giya, ba ya taba, ya fi wasunmu biyan zakkar coci. Kuma a 2018 shugabansu na wancan lokacin, Russell Nelson, ya ce a daina ce musu Mormon. Sunansu Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe.

Uwar Zumunta: Kafin in gama faɗin wannan suna tuwo ya huce. Tumakin nan kuwa al'ummai ne, mu ke nan, haka Fasto ya koya mana. Ka karanta Galatiyawa 1:8, ko mala'ika ne ya zo da wata bishara dabam, kada a saurare shi. Ba mala'ika suka ce ya nuna wa Joseph Smith allunan zinariya da ya fassara littafin daga cikinsu ba? Ina allunan?

Na Fatakwal: Sun ce mala'ikan, Moroni, ya karɓe abinsa. Amma mutum goma sha ɗaya sun sa hannu sun ce sun gani.

Uwar Zumunta: Ya karɓe. To madalla. Kai ɗana, nawa suke biyanka?

Na Fatakwal: Haba Mama! Don na faɗi abin da na ji?

Baba Dattijo: Ni abin da ya ɗaure mini kai dabam ne. Na taɓa gamuwa da biyu daga cikinsu a Abuja, fararen riguna, laktayi, baƙin bajo a ƙirji an rubuta Elder, wato dattijo. Na tambayi ɗaya shekarunsa, ya ce sha tara. Ni sai da furfura ta cika mini kai aka naɗa ni dattijon ikilisiya. Wannan ko gemu bai tsiro ba.

Ɗan Zonkwa: Baba, ka bar batun gemu. Ni shayin ne ya dame ni. Kunun gyaɗa ma ya haramta?

Malamin Tarihi: Dokar tun 1833 take, ta ambaci abin sha mai zafi, shugabanninsu suka ce ganyen shayi da kofi ake nufi. Kunu da Milo ba laifi.

Ɗan Zonkwa: Ashe da sauƙi. Mata huɗu fa, har yanzu ana bayarwa? Ina tambaya ne saboda wani abokina.

Na Fatakwal: Sun sanar da dainawa tun 1890. Yau in ka ƙara aure korarka za su yi.

Mai Ganga: Allah ya ce a yi, sannan ya ce a bari? Haka ma baƙar fata, sun hana shi matsayin firist har 1978. A ƙarshen shekarar ne ma masu bishararsu suka iso Najeriya, bayan mutanen kudu sun yi shekaru suna rubuta wasiƙu zuwa hedkwatar cocin a Salt Lake City, Amurka, suna roƙo. Yanzu ga haikali a Aba tun 2005. Wanda ya ce ba ka isa ba, kai kuma kana bin sa da gudu.

Ɗan Katikis: A hankali da jifa. Babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka a kan batun bayi ta ɓalle a 1845.

'Yar Baptis: Tun ɗazu na yi shiru, me ya kawo mu ciki? Kun taɓa ganin muna yi wa matattu baftisma kamar 'yan Mormon?

Na Fatakwal: Wannan ma suna da aya, 1 Korantiyawa 15:29.

'Yar Baptis: Ba da kai nake ba. Da mai sayar da gafara nake.

Ɗan Katikis: Ki janye wannan kalma.

'Yar Baptis: Ka janye 1845.

Ɗan Katikis: Shekara ce, ta yaya zan janye ta?

Baba Dattijo: Ya isa haka, dare ya yi, gobe akwai sujada. Ga abin da aka tattauna a taƙaice. Kowa ya amince cewa mutanen nan sun yi ƙari, har Malam ya amsa da bakinsa bayan ya zagaya da mu Nisiya. Littattafai 66 ne, wannan a bayyane yake, ɗanmu Katikis kuma za mu ci gaba da yi masa addu'a. Na Fatakwal ya yi ƙoƙari wajen kare maƙwabcinsa, muna ba shi shawara ya rage zama a ƙofar gidan. Batun yara masu kiran kansu dattawa ba wanda ya iya ba ni amsa. An rufe.

Ɗan Katikis: Baba, wane ne kowa? Ni ban amince ba.

Malamin Tarihi: Ni ma ba abin da na ce ke nan ba, ranka ya daɗe. Na ce matsalar ba a lissafin littattafai take ba.

Baba Dattijo: Na ce an rufe.

Maman 'Yan Biyu: Na dawo daga kwantar da yara na tarar da saƙo fiye da ɗari, ba wanda ya gaya mini abin da zan yi da ƙanena. Baba dai ya karɓi littafin, ya sa tabarau yana dubawa da tocila, ya ce in bar shi da ɗansa. Milo kuwa ya yi tsada, gobe kunu zai sha.