Tiyatar sankarar furostet: abin da waɗanda aka yi wa suka ce

Da aka zauna da dattawan da aka yi wa aikin cire furostet, wato wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a yi gaggawar shiga ɗakin tiyata. Gwajin jini na PSA shi kaɗai ba ya tabbatar da sankara, sai an tsinko ɗan nama an duba, an kuma ɗauki hoto a ga ko ta bazu. Idan ta kai ƙashi, cire furostet ba zai warkar da ita ba, sai a koma ga allurar rage sinadarin namiji. Wani lokaci ma ƙona sankarar da hasken na'ura ko sa ido kawai ya fi dacewa.

Inda aka fi jan magana shi ne bayan aiki. Za a sallame ka da robar fitsari, mako 1 zuwa 2. Bayan an cire ta, ɗigon fitsari kan ɗauki watanni, abin da ya fi damun masu kula da tsarki da sallar jam'i. Shawararsu: ka koyi matse tsokar riƙe fitsari tun kafin aikin, ka tanadi ƙunzugun manya.

Maganar iyali kuwa, kunya ta kusa rufe ta, alhali a ganina ita ce ta fi bukatar bayani. Ƙarfin namiji na iya raguwa, maniyyi zai daina fita, haihuwa ta tsaya. Suka ce a tafi da uwargida wajen likita, a tambaye shi ƙarara ko zai iya kare jijiyoyin da ke kula da ƙarfin namiji. Bayan aiki kuma, gwajin PSA ba fashi.