DT 175 ɗina ya ƙi jan jiki tunda na hau Mambila, a taimaka

Salam jama'a, don Allah masu sanin injin 2T (mai ƙona fetur haɗe da man inji) ku agaza min. Mashin ɗina Yamaha DT 175 ne, a Jalingo lafiya lau yake tashi kamar doki, amma tunda aiki ya kawo ni Gembu sai a hankali, in na murɗa totur ya wuce rabi sai ya riƙa burbur yana shaƙewa, hayaƙi kuwa ba a magana, ga mai na ɗiga ta bakin salansa. Fulogi biyu na canza cikin sati ɗaya, duk baƙi ƙirin a jiƙe.

Na gane dai iskar saman dutsen nan ba ta da nauyi, tsayin ya kai wajen mita 1,600, shi ya sa fetur ya fi iska yawa a kafireta. Na wanke soson iska, na sauke allurar kafireta gaba ɗaya don rage fetur, ya ɗan gyaru a tsakiyar totur amma in na murɗa har ƙarshe, har yanzu shiru.

Babban jet ɗin, wato ƙofar da fetur ke bi a cikin kafireta, lamba 140 ne. In koma 135 ko 130? Tsorona kar in rage da yawa, ranar da na gangara Serti a ƙasan dutse fetur ya yi wa injin kaɗan fistin ya kama, don kuɗin sabo ba ni da shi wallahi.