Appalled: kaɗuwa ce ko fushi?

Ɗan Kurna: Jama'a, raina a ɓace yake. An ba ni wata sanarwa in fassara, mai maganar ya ce "I am appalled" kan kisan yara. Na rubuta "na kaɗu". Shugabana ya ɗauki jan biro ya soke, ya sa "na fusata", a gaban 'yan koyon aiki kuwa. Appalled fa daga tsohon Faransanci ta fito, asalinta fuskar mutum ta yi fari fat don razana. Wanda ya fusata shi ne outraged ko furious. Shekara 9 ina wannan aikin!

Malam Bazazzagi: Ka yi haƙuri ƙanena, amma "kaɗu" ɗin ma ba ta cika ba. Wanda ya kaɗu wataƙila tsoro kawai ya ji. Appalled akwai ƙyama a cikinta. Da ni ne, "abin ya girgiza ni" zan sa.

'Yar Damagaram: Girgiza kuma, Malam? Ai bishiyar mangwaro ake girgizawa. Wannan Hausar rediyo ce. Kakata "hankalina ya tashi" take cewa.

Malam Bazazzagi: Hajiya, tashin hankali ai har rigima yana nufi. Kin ƙara dagula lissafin.

Bakatsine: Mu razana muke cewa. Amma Kanawa sun ɗauka duk abin da ba a faɗa a kasuwar Kurmi ba Hausa ba ne.

Ɗan Kurna: Yallaɓai, ni maganar soke min aiki nake yi.

'Yar Damagaram: Mu da muka yi Faransanci mun huta. Choquée ta ɗauki razana, ta ɗauki jin an ci maka fuska.

Bakatsine: Wa ya tambayi Faransanci a nan? Ku fara gyara rubutun Hausarku tukuna.

'Yar Damagaram: Ka janye wannan maganar! Yaushe Hausar Damagaram ta zama abin rainawa?

Mai kula da zaure, daga Fagge: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda "na kaɗu" ce daidai, kuma ita ce ke cikin daidaitacciyar Hausa wadda aka gina kan karin Kano. Bakatsine ne ya kawo ɓangaranci, na yi masa gargaɗi. Na rufe.

Malam Bazazzagi: Ni dai ban yarda ba, ranka ya daɗe.