Neman shawara: kwikwiyon da na saya don gadi yana ɓata mana baranda

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu a damunar bara, na sayi ɗan kwikwiyo mai mako 9 domin idan ya girma ya riƙa gadin gida. Damuwata ita ce duk inda ya ga dama nan yake fitsari da kashi, musamman a barandar da nake shimfiɗa darduma idan jam'i ya wuce ni, har maiɗakina ta gaji da wanki. Mai walda ya haɗa mini keji, na kulle shi tun asuba har na dawo daga kasuwa da magariba, sai na tarar ya yi kashi ya kwanta a kai yana kuka. Wani ya ce in dangwala hancinsa cikin fitsarin, na yi, ban ga canji ba.

Wani dattijo daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ji haushi, amma laifin ba na kwikwiyon ba ne. Masu kiwon kare suna ƙiyasta cewa kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kusan awa ɗaya a kan kowane wata na haihuwarsa, wato naka ba zai wuce awa 2 zuwa 3 ba, kai kuwa ka rufe shi wuni guda. Amfanin keji shi ne kare ba ya son ɓata makwancinsa, to idan ka tilasta masa kwana cikin ƙazantarsa zai saba da ita, kuma gyara daga nan sai an sha wuya. Ka zaɓi lungu guda a bayan gida, a riƙa kai shi nan da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa, kuma da ya yi sai a yaba masa a ba shi ɗan guntun nama nan take, ba sai an dawo ba. Kejin kuma ya kasance daidai yadda zai miƙe, ya juya, ya kwanta. Idan ya cika faɗi, zai mai da gefe ɗaya masai. Batun dangwala hanci ka bar shi, abin da yake koya masa kawai shi ne ya ɓuya bayan tanki ya yi inda ba ka gani.

Wata Hajiya daga Obalende:
Ɗan uwa, ka gaya wa uwargida warin ne yake mai da shi barandar, domin hancinsa yana jin abin da namu ba ya ji. Ta wanke da sabulu da ruwa mai yawa, kuma a tare ƙofar barandar da katako har tsawon wata biyu. Tunda kana kasuwa, sai a ɗora wa babban yaronku fitar da shi da rana.

Wani matashi daga Mile 12:
Baba ya gama magana, sai dai zan ƙara da abu uku. Kejin ƙarfe a ranar Legas tanda ne, a sa shi a inuwa da ruwan sha, nesa da hayaƙin janareto, wanda yake kashe mutane ma balle kwikwiyo. Sannan kada ya taka titi sai likitan dabbobi ya kammala masa allurar rigakafin fabo (cutar da ke sa kwikwiyo amai da gudawa), wadda ake maimaitawa har ya kai mako 16, da ta haukan kare a wata 3. A nemi maganin tsutsar ciki ma, domin mai gudawa ba ya iya riƙewa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Kejin nan kuwa a jikin janareto yake, yanzu na kira gida an janye shi zuwa gindin mangwaro.