Katin wiwi na magani ga maigidana, tsohon soja: ku ba ni shawara

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna Filadelfiya, jihar Pensilbaniya. Maigidana shekararsa 66, ya yi aikin soja a nan Amurka, ya je Iraki, tun daga nan ciwon baya ya hana shi barci. Ni ce mai girki, ni ce mai tuƙi, ga surukata kullum a waya tana cewa ba na kula da shi. Abokinsa ya ce ya gwada man wiwi. Likitan tsofaffin sojoji ya ce dokar tarayya ta ɗaure masa hannu, ba zai iya sa hannu a ba shi katin ba. Likita mai zaman kansa na neman dala 150, katin izinin saye 50, kuma Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati ga dattawa) ba ya biyan ko sisi. Ba rangwame ne ga dattijo tsohon soja?

Baffa na Kolumbus: Ƙanwata, a nan Ohayo tun 2024 aka soke kuɗin katin. A Oklahoma mai Medicare dala 20 yake biya maimakon 100. Jiharku ce dai mai son kuɗi. Ni da na yi shekara 30 a ƙasar nan na san su.

Hajiya Babba: Haramun sai an biya ma? Ga man zaitun, ga habbatus sauda. Ɗana da wiwi ya fara.

Maman Iman: Hajiya, ba zuƙa zai yi ba, ɗigo ne a ƙasan harshe. Mun gwada habba har mun gaji.

Anti Nas: A Pensilbaniya mai Medicaid (inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi), SNAP (tallafin abinci) ko PACE (tallafin kuɗin magani) ba ya biyan dala 50 ɗin. Ku duba PACE, na dattawa ne daga shekara 65. Kuma haƙƙoƙinsa na soja ba za su tafi ba saboda katin. Amma wa zai riƙa sayowa? In ke ce, kuma girin kad (katin izinin zama na dindindin) gare ki, tun 2019 hukumar shige da fice ta ce mu'amala da wiwi na iya hana zama ɗan ƙasa ko da jiha ta halatta.

Baffa na Kolumbus: Tsoratarwa ce kawai. Kowa na saye. Ku dawo Ohayo, haya ma ta fi sauƙi.

Anti Nas: Baffa, kai fa ka riga ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Ta ga lauya tukuna.

Maman Iman: Lauya kuma? Da wane kuɗin? Shi ba ya iya tuƙi, ni zan je. Kati fa na tambaya.

Hajiya Babba: Har yanzu ba ki faɗa mana ko shi ya yarda ba.