Adaka ko Silog: Wacce Ta Fi Saiti? Yadda Ta Kaya a Zauren Mafarauta

Ɗan Kolombos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Shekara uku ke nan ina fita harbin barewa a nan jihar Ohayo ta Amurka. Ranar Asabar muka je filin gwajin harbi da wani Bature abokin aikina. Shi ya zo da bindigar katirij geji 12 (awon faɗin bututu ke nan), yana sa mata silog, wato dunƙulen darma guda ɗaya a cikin kwanso a madadin ƙananan ƙwayoyin nan na harbin tsuntsu. Ni kuma na zo da adakata, mai ɗuri ta baki. Muka kafa takarda a yadi 100, kowa harbi uku. Ramukana uku kwalin ashana zai rufe su. Nasa kuwa sai ka ɗauko faifai, ɗaya ma a gefen takardar ya lasa. Amma wallahi ranar Litinin mutumin nan ya shiga wurin aiki yana gaya wa mutane wai sa'a na taka, wai kafin in gama ɗuri na biyu naman ya kai Kanada. Har da tuna mini Janairun bara da na harba, hayaƙi ya rufe ni, kafin ya washe ban san inda dabbar ta bi ba. To ni na faɗa, kuma a rubuta: adaka ta fi bindigar silog saiti, nesa ba kusa ba. Ga hoton takardar nan na tura. Wanda yake da ja ya fito.

Na Maraɗi: Wa'alaikumussalam. Hoton takarda ɗaya muka gani, taka. Ina ta Baturen?

Ɗan Kolombos: Ya yage ta ya jefa a shara. Ai ka san abin kunya ne.

Baba Maharbi: Yaro, na buɗe hoton, na ga bindigar a kan tebur. Wannan abin mai madubi a baya, baƙi wuluk kamar na soja, shi kake kira adaka?

Ɗan Kolombos: Eh Baba, ranka ya daɗe. Ta baki ake zuba mata albarushi, a tura harsashi da sanda. Harbi ɗaya take yi. Ai adaka ke nan.

Baba Maharbi: A'a. Ka nemo mata wani suna. Shekarata arba'in da wani abu ina saɓa adaka, ta mahaifina ce, maƙeri ya ƙera ta, ƙotarta ta sha hannu har ta yi sheƙi. Ba ta da madubi. Idona ne madubin. In ka ga na harba, to na riga na ja ciki a cikin raɓa tun asuba, iska tana busowa daga wajen naman zuwa gare ni, har ina jin yana tsinkar ciyawa. Taku talatin, in ya yi yawa arba'in. Kai kuwa ka zauna a kan benci, ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka leƙa gilashi, ka huda takarda, sannan ka zo ka ara mata sunan gidanmu.

Injiniyan Ayowa: Baba yana da gaskiya ta wani gefen, amma bari in maido mu kan tambayar. Ɗan Kolombos, bututun bindigar abokin naka sumul yake a ciki ko mai zane ne?

Ɗan Kolombos: Tsohuwa ce ta kakansa, da ita yake harbin agwagwa. Sumul ne.

Injiniyan Ayowa: To an gama ai. Ka sa dokin sukuwa tsere da jaki ka dawo kana kirari. Abin da ke kawo saiti ba ta inda ake ɗuri ba ne. Taka tana da murɗaɗɗen zane a cikin bututu, kamar tiredin noti, shi ke juya harsashi ya tafi yana katantanwa, bai karkace ba. Tasa ba ta da shi. Irin silog ɗin da ake sa wa bututu sumul, wanda Karl Foster ya fito da shi a 1931, nauyinsa a goshi yake, bayansa rami, shi ya sa yake tafiya a miƙe. Yana aiki lafiya a yadi 50 zuwa 75, bayan nan sai ya fara sunkuyawa. Nauyinsa wajen giram 28, faɗinsa ya kusa babban yatsa, iska tana cin gudunsa da wuri. Amma akwai bindigar silog mai zane a bututu. Tawa Savage 220 ce, geji 20, ina sa mata harsashi mai sabo. Ka zo nan Demoin, jihar Ayowa, da taka mu kafa takarda, in ka ba ni ratar da ta wuce inci ɗaya a yadi 100, kuɗin manka a wuyana.

Na Maraɗi: Harsashi sabo? Da can tsoho kuke sawa?

Injiniyan Ayowa: Ba sabo na sabuwar riga ba. Wata 'yar rigar roba ce da ake sa wa harsashi siriri. Ita ke kama zanen bututun, da an fita baki sai ta yar da kanta, harsashin ya wuce. Kalmar ma ta Faransanci ce, ku ya kamata ku koya mana. Kuma shi ma Ɗan Kolombos irinta yake turawa a tasa, ku tambaye shi.

Baba Maharbi: Kun ji ko! Har roba ake sa mata. Adaka da roba. Mu tsumma muke dannawa.

Ɗan Kolombos: Baba, don Allah ba raini ba ne. Doka ma a nan haka ta ɗauke ta. Akwai kwana huɗu a Janairu da aka ware wa masu ɗuri ta baki, kuma da ita nake fita, ba wanda ya taɓa tare ni.

Baba Maharbi: Dokar Ohayo ce za ta koya mini Hausa?

Ɗan Nima: Ku tsaya in sa baki daga Akara. Ita kanta adakar da Baba yake kishi a kai, asalinta daga bakin teku ta hau Arewa. Turawan Denmak ne suka riƙa sayar da dogayen bindigogin nan a nan gaɓar, shi ya sa a Turanci har yau da sunansu ake kiranta. Ganuwarsu ta Kiristiyansbog tana nan a Osu, sai 1850 suka sayar wa Ingila da wurarensu suka tafi. Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙerawa. Saboda haka in Bature ya sake mata fasali, kayansa ya gyara.

Baba Maharbi: Kai ɗan nan, wa ya kira ka? Doki ma ai ba a Kano aka halicce shi ba, amma je ka gaya wa mahaya ranar Hawan Daushe cewa ba nasu ba ne.

Direban Tirela: A garinmu ma ba ma cewa adaka. Harba-ka-ruga muke cewa.

Baba Maharbi: Wannan sunan matsorata ne suka raɗa. Wanda ya iya ba ya rugawa.

Direban Tirela: Baba, ni na ga wanda ya ruga. Gwanki ya harba bai faɗi ba, ya juyo. Har takalmi ya bari.

Na Maraɗi: Mu bindigar toka muka sani. Amma ni tambayata daban ce: yadi 100 ɗin nan nawa ne a mita? Ku 'yan Najeriya komai sai yadi, kamar masu sayar da atamfa.

Injiniyan Ayowa: Mita 91 da 'yan kai. Jama'a ku bari in ƙarasa. Irin ta Ɗan Kolombos ba tsohuwar ƙira ba ce. Tony Knight ne ya yi fice da ita a 1985, ya sa mata suna MK-85. Wutar tana shiga ta baya kai tsaye cikin albarushin, ba ta gefe ba. Harsashinta wajen giram 16 ne, ya fi na silog ɗin Foster sirantaka da gudu, don haka bai cika sunkuyawa da wuri ba. Wannan na yarda. Kuma mai ita yana iya ƙara awo ko ya rage har ya gano wanda bututunsa ya fi so, mu kuwa abin da kamfani ya ɗura a kwanso shi za mu harba. Amma duk harbi tana barin dauɗa a ciki, in ba ka goge ba na uku ba zai bi sawun na farko ba. Danshi kuma abokin gabarta ne. Ga ɗuri da safar hannu a cikin ƙanƙara, yatsu sun sandare. Ni kafin ya zaro sandarsa na sake harbi.

Ɗan Kolombos: Maharbin kirki harbi ɗaya yake buƙata. Dokar Ohayo ma harsashi uku kacal ta yarda ka sa a taka.

Injiniyan Ayowa: Uku dai sun fi ɗaya. Wanda hayaƙi ya ɓatar wa nama a Janairu ne yake wannan maganar?

Malamar Bayoloji: Ku yi haƙuri in katse ku, tun ɗazu abin yake ci na. Wannan dabbar ta Ohayo ba barewa ba ce. Ƙahon barewa ɗaya ne tun tana ƙarama har ta mutu, ba ya reshe, ba ya faɗuwa. Na Amurka mai farar wutsiya, namijin ƙahonsa rassa ne kamar busasshiyar bishiya, duk shekara ya zubar ya sake tsiro da wani. Danginsu ma daban ne. Duk Afirka kudu da Sahara babu irinsa a daji. Barewarmu ba ta fi kilo 30 ba, babban namijin can yana haura kilo 90.

Ɗan Kolombos: To Malama me zan ce? Gada?

Malamar Bayoloji: Gada ta fi barewa ƙanƙanta ma, ka ƙara nisa.

Direban Tirela: A ce mazo.

Malamar Bayoloji: Mazo ma ƙahonsa ba ya zuba.

Tsohon Ɗan Barewa: Ni dai a bar taɓa sunan nan da wasa. Makarantarmu, Kwalejin Barewa, tun 1921 take, daga Katsina ta faro kafin ta zauna a Zariya. Ba kowace dabba mai ƙafa huɗu ce barewa ba.

Na Maraɗi: Alhaji, wa ya taɓa makarantarku?

Ustazun Zaure: Kuna ta suna, kun bar babba. Naman nan ya halatta? A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an bambanta abin da ya huda da abin da ya buge da faɗinsa. Wannan dunƙulen darmar mai faɗin yatsa, hudawa yake ko bugewa?

Injiniyan Ayowa: Malam, shiga yake ta wannan haƙarƙari ya fita ta wancan. Da bisimilla nake jan kunama, in na tarar da rai kuma in yanka.

Ustazun Zaure: To madalla. Shi kuma wanda hayaƙi ya rufe wa ido, da ya tsinci gawar bayan kwana biyu fa?

Ɗan Kolombos: Ban tsinta ba Malam! Ban same shi ba ma, na duba babu jini. Jama'a ni tambayata ɗaya ce, wacce ta fi saiti?

Direban Tirela: Ashe kuskure ka yi. Da ka ce hayaƙi ne.

Injiniyan Ayowa: Gaskiyar magana ma gardamar ta kusa zama tarihi. An tilasta wa mutane silog ne a jihohin nan saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da gidaje kusa da juna, ana tsoron harsashin raifil mai cin dogon zango. Ohayo ta halatta raifil mai miƙaƙƙen kwanso a 2014, Ayowa ta bi a 2017. Yawancin waɗanda nake fita da su yanzu can suka koma. Masu ɗuri ta baki kuwa ƙarin kwanakin farauta ne ke riƙe da su. In Baba yana son ganin 'yan uwansa, maƙwabciyar Ohayo, Fensilbeniya, tana da lokaci na musamman bayan Kirsimeti na bindiga mai ƙyastu zalla, irin ta kakanni.

Baba Maharbi: Yauwa! Ashe akwai masu hankali a ƙasar. Waɗannan su ne maharba. Ka gaishe su.

Ɗan Nima: Baba, su ma fa Turawa ne.

Baba Maharbi: Admin, ka cire mini yaron nan.

Mai Zaure: To jama'a, dare ya yi, za a rufe wannan batu. Ga abin da aka cim ma a taƙaice. An tabbatar cewa adaka ta fi saiti, tunda shi kansa Injiniya ya amsa da bakinsa cewa harsashinta bai cika sunkuyawa ba, sauran bayanin nasa kuwa tallar bindigarsa ce. An kuma tabbatar cewa abin da ke hannun Ɗan Kolombos ba adaka ba ne, kamar yadda kawuna Baba Maharbi ya yi bayani, kuma duk zauren nan babu wanda ya kai shi sanin dawa. Saboda haka nasarar ta adakar gaske ce, ba ta mai madubi ba. Maganar Denmak ba mu ga hujja ba. Batun barewa an bar wa Malama ta kawo mana suna ranar Juma'a. Ɗan Nima, an yi maka gargaɗi na farko.

Injiniyan Ayowa: Admin, ba haka na ce ba. Ka koma sama ka karanta.

Ɗan Kolombos: Wato na ci ko na faɗi?

Na Maraɗi: Mu dai har yanzu muna jiran takardar Baturen.