Neman shawara: ta ina zan fara koya wa ɗana tuƙa keken guragu mai batir?

Maman Abba, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa shida. Ciwon shawara ya kama shi a satin suna, ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, likitoci suka ce CP ce, wato larurar ƙwaƙwalwa mai hana yaro sarrafa jikinsa. Ba ya zama da kansa, wuyansa bai tsaya sosai ba, ba ya magana, hannuwansa kan yi ta fizga ba da sonsa ba. Amma ya san mutanensa, yana dariya idan yayyensa sun dawo makaranta. Ƙanen babansa ya aiko masa da keke mai batir, na hannu ne amma yana aiki. Idan muka ɗora hannunsa a kan sandar tuƙin muka ce "yi gaba, yi dama", sai keken ya zabura, shi kuma ya firgita ya sanƙare yana kuka. Surukata ta ce a sayar, wai in ya saba da keke ba zai ƙara yin ƙoƙari a wajen gashi ba. Don Allah, yaro irinsa zai iya koya kuwa?

Hajiya Babba, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni dai ina bayan surukarki. Ina wutar caji, ina hanyar? Ku sayar ku sayi na turawa mai kyau, canjin ya tafi kuɗin gashi.

Likitan gashi, Samaru:
Hajiya, maganarki ta wuta da hanya gaskiya ce, amma a yi haƙuri kada a sayar tukuna. Na turawa sai inda aka kai shi. Wannan ne kaɗai abin da zai ba yaron damar cewa "can nake so" ya kuma tafi da kansa.

Maman Abba, muna raba yaran CP mataki biyar gwargwadon motsinsu. Yadda kika kwatanta, Abba yana na huɗu ko na biyar, kuma irinsu ne suka fi buƙatar keken nan. Tun a shekarun 1980 aka gwada a Amurka, aka ga yaran da ba su kai shekara uku ba suna koyon tuƙi. Binciken da aka yi daga baya bai nuna keke yana rage wa yaro ƙoƙarin motsi ba, sai ki kwantar wa surukarki hankali, gashi zai ci gaba yadda yake.

Abu na farko zama ne. Yaron da ƙugunsa ke zamewa, kansa ke faɗuwa, duk ƙarfinsa yana ƙarewa wajen riƙe jiki, hannu ba zai yi aiki ba. Ƙugu ya shige can baya a ɗaure da bel, a tallafi haƙarƙari ta gefe biyu, kai ya samu madogara, ƙafa ta taka matakinta kada ta yi lilo. Idan keken na babba ne, ku zo da shi asibitin koyarwa na Shika a gyara masa mazaunin daidai jikinsa.

Na biyu, ku rage gudun zuwa ƙarshe. Yawancinsu suna da maɓalli mai alamar kunkuru da zomo, ku bar shi a kunkuru.

Na uku shi ne mai wuya ga iyaye: ku daina ba shi umarni. Abba bai san hannunsa ne ke motsa keken ba, a wajensa ƙasa ce kawai ta gudu da shi. Wata ƙwararriya 'yar Suwidin, Lisbeth Nilsson, da abokiyar aikinta Josephine Durkin sun tsara koyon nan mataki takwas, kuma matakan farko duk a kan gane "ni na taɓa, shi ya motsa" suke. Dama da hagu suna can gaba sosai. Ku kai shi fili, ku bar hannunsa kusa da sandar, ku yi shiru. In ya buge ta bisa kuskure keken ya motsa, sai ki ce "Abba ya tafi!", in ya saki ki ce "Abba ya tsaya." In ya yi ta zagaye wuri ɗaya, ku ƙyale shi, karatu yake. Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi awa guda ranar Asabar.

Tambaya ɗaya: an taɓa auna jinsa? Shawara mai tsanani takan taɓa ji.

Maman Ilham, Wusasa:
Wallahi abin da likita ya faɗa haka yake. Tawa ta daɗe tana zagaye kamar ba za ta wuce nan ba, har babanta ya fara cire rai. Abin da ya taimake mu: muka daina kiranta, sai ƙanwarta ta zauna nesa kaɗan da rediyo ana waƙar da take so. Kan sandar ma ya yi mata ƙanƙanta, muka huda ƙwallon tanis muka saka, tafin hannunta ya samu abin kamawa. Ki lura da lokaci ma. Da safe bayan ta karya jikinta ya fi saki, da yamma ta gaji ba abin da take yi. Kuma ki hana yayyensa hawa, in ba haka ba keken ya zama nasu. Yanzu takan bar ni a tsakar gida ta bi kakarta ɗaki, har ta ƙi dawowa in an kira ta, kuma ƙin nan ya fi komai faranta min rai.

Mai gyaran lantarki, PZ:
Ta ɓangarena, yawancin kekunan nan batir biyu ne masu bolt 12, a haɗe 24. Kada ku bari ya mutu gaba ɗaya kafin a yi caji, shi ke kashe shi. Duk sanda aka kawo wuta ku jona, da cajarsa ta asali, cikarsa kan ɗauki wajen awa takwas. Kada ruwan sama ya taɓa sandar tuƙin, a rufe da leda da damina. Ta wajen tayoyin baya akwai ƙarfen da ake juyawa keken ya koma na turawa, ki san inda yake, amma kada a juya shi yaro na kai a kan gangara, birki ba ya kamawa a lokacin. Rairayi yana cinye batir, ku nemi daɓen siminti. Dokin ƙofa kuma a yi masa gangara, duk tsayin inci ɗaya a ba shi tsawon ƙafa ɗaya. Rijiya a rufe, murhu da kwata a tare su kafin ya hau.

Maman Abba, Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, ba a taɓa auna jinsa ba. Yana juyowa in an buga ƙofa, shi ya sa ban kawo komai ba. Sai kuma hannun, in ya ƙi daina fizga fa?

Likitan gashi, Samaru:
Jin ƙarar ƙofa daban, rarrabe magana daban, ku kai shi sashen kunne a auna. Hannu kuma ba dole ba ne. Ki lura da gaɓar da ya fi iko da ita, wani kai ne, wani ƙafa, wani haɓa. Akan mayar da sandar can, ko a sa babban maɓalli guda da zai danna ya tafi, ya saki ya tsaya. Mai na'urar saita keken yana iya rage masa saurin amsawa don ƙananan fizga kada su motsa shi. Ki kasance kusa da maɓallin kashewa koyaushe, kuma in yana da farfaɗiya, ranar da ta tashi a huta. Ki riƙa duba bayansa da ƙugunsa bayan an sauke shi, jan da bai baje ba cikin rabin awa alama ce mazaunin yana danne shi.

Hajiya Babba, Sabon Gari:
To, tunda haka ne a jarraba. Ƙanena yana da makarantar Islamiyya a Gyallesu, farfajiyar duk siminti ce, Alhamis da Juma'a ba kowa. Ki yi min magana ta gefe in haɗa ku.